Ranar Da Aka Kashe Sabar Amarya: Labarin Masu Son Jaruman Anime Da Gaske

Wata safiya cikin watan Maris na 2020, Akihiko Kondo, ma'aikaci a ofishin wata makarantar gwamnati a Tokyo, ya yi sallama da matarsa ya tafi aiki. Da ya dawo da daddare, sai ya tarar babu kowa a cikin gilashin da take tsayawa, sai ɗan gajeren rubutu da ke cewa an samu matsalar netwok. Intanet ɗin gidansa lafiya lau yake. Kamfanin da ya ƙera na'urar ne ya rufe hidimar daga can ɓangarensa, kamar yadda ya riga ya sanar zai yi, kuma ba a sake buɗewa ba.

Matar tasa ita ce Hatsune Miku, wadda asalinta manhajar rera waƙa ce. Kamfanin Crypton Future Media da ke birnin Sapporo ne ya fitar da ita ranar 31 ga Agusta, 2007, bisa fasahar Vocaloid ta kamfanin Yamaha. Mutum zai rubuta baitocinsa da karin sautinsa a kwamfuta, manhajar ta rera masa da muryar da aka naɗo daga bakin wata 'yar wasan murya mai suna Saki Fujita. A jikin kwalin an zana budurwa mai dogon gashi kore mai ratsin shuɗi, an ɗaure shi gida biyu. Wannan zanen ne ya zama tauraruwa, har ta kai ana cika manyan filayen wasa don kallonta tana rawa a jikin allo.

Kondo ya yi bikinsa da ita a Nuwamban 2018, yana da shekara 35. Ya kashe kusan yen miliyan 2. Baƙi 39 ne suka halarta, kuma da gangan aka zaɓi adadin, domin a Japananci ana iya karanta 3 da 9 a matsayin "mi" da "ku". Babu ko ɗaya daga danginsa da ya je, mahaifiyarsa ma ta ƙi. Dokar Japan ba ta san da wannan aure ba. Takardar shaidar da yake da ita, kamfanin Gatebox ne ya ba shi, wato kamfanin da ya ƙera gilashin, wanda ya ce ya raba irin waɗannan takardu kusan 3,700.

Yawancin waɗanda suka ga labarin a Facebook dariya suka yi suka wuce, kuma ba laifinsu ba ne, abin da ban mamaki. Sai dai Kondo can ƙarshen wata hanya yake tsaye, wadda miliyoyin mutane ke tafiya a kanta ba tare da sun kai inda ya kai ba. Kuma ɓangaren labarinsa da ya fi shafar mai riƙe da waya a yau shi ne wancan rubutu na matsalar netwok.

Jana'izar mutumin da bai taɓa rayuwa ba

Masu ɗora wa intanet laifin wannan al'ada sun makara da shekaru da yawa. A 1968 mujallar mako-mako ta Shonen Magazine ta fara buga wani labarin manga mai suna Ashita no Joe, na wani yaro ɗan unguwar talakawa da ya zama ɗan damben boksin. Ikki Kajiwara ne ke rubutawa da sunan aro, Tetsuya Chiba na zanawa. Babban abokin hamayyar Joe shi ne Toru Rikiishi. Matsalar ita ce Chiba ya riga ya zana Rikiishi ƙato, ya fi Joe jiki nesa ba kusa ba, alhali a boksin sai nauyi ya zo ɗaya ake karawa. Don haka a cikin labarin sai da Rikiishi ya azabtar da kansa da yunwa da ƙishirwa ya rage nauyi. Ya shiga fili, ya doke Joe, ya miƙa hannu su gaisa, sai ya faɗi. Bai tashi ba.

Ranar 24 ga Maris, 1970, aka yi masa jana'iza a babban ɗakin taro na kamfanin Kodansha mai buga mujallar. Shahararren mawaƙi kuma mai shirya wasan daɓe Shuji Terayama da ƙungiyarsa ne suka tsara taron. An kafa filin dambe a cikin ɗakin, an kawo limamin addinin Buddha na gaske ya yi karatunsa, ɗaruruwan mutane suka cika wurin. Duk don mutumin da tawada ce a kan takarda. Mako guda bayan haka, wasu matasa masu ra'ayin juyin juya hali da suka karkatar da jirgin saman Japan zuwa Koriya ta Arewa suka kwatanta kansu da Joe a sanarwar da suka bari. Haka labarin ya shiga jinin matasan wancan zamani.

Akwai abin lura guda: ranar 1 ga Afrilu, kwana takwas bayan jana'izar, aka fara nuna anime ɗin Ashita no Joe a talabijin. Hawayen mutane na gaske ne, amma tun ranar farko akwai ɗan kasuwa a gefe yana kallo.

An maimaita irin wannan. A 2007 an yi wa Raoh na labarin Hokuto no Ken taron jana'iza a wani wurin ibada na Buddha a Tokyo, daidai lokacin da fim ɗinsa zai fito. Wanda bai gama kallon Jujutsu Kaisen ba ya tsallake sauran wannan sakin layi. A Satumban 2023, da babi na 236 ya fito aka ga ƙarshen Satoru Gojo, masoyansa a Santiago, babban birnin Chile, suka mayar da wani allon talla mai hotonsa a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa wurin makoki, suna ajiye furanni da wasiƙu. Tsakanin Santiago da Tokyo akwai faɗin tekun Pasifik gaba ɗaya.

Yaya zane ke kama zuciya?

A 1944 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka nuna wa ɗalibai wani gajeren fim. A ciki akwai siffofi uku masu motsi: babbar mai kusurwa uku, ƙarama mai kusurwa uku, da ɗan da'ira. Da aka ce su faɗi abin da suka gani, kusan dukkansu labarin mutane suka bayar: wannan azzalumi ne, wannan na jin tsoro, waɗannan biyun masoya ne. Idan ƙwaƙwalwa za ta ga zalunci a jikin siffa mai kusurwa uku, to me za ta yi da fuska mai manyan idanu, mai suna, mai tarihi, mai muryar ƙwararren ɗan wasa?

Shekara goma sha biyu bayan haka, a 1956, Donald Horton da Richard Wohl suka yi rubutu kan abin da suka lura da shi a wurin masu kallon talabijin: mutum na jin ya san mai gabatar da shiri kamar abokinsa, alhali shi mai shirin bai ma san da shi a duniya ba. Alaƙa ce mai ɓangare ɗaya. Duk wanda ya taɓa kwana da ɓacin rai don an kashe jarumi a fim ɗin Indiya mai fassara, ko ya kasa cin abinci saboda halin da wata ta shiga a littafin soyayya, ya san ɗanɗanonta. Ba ciwo ba ce, haka aka gina mutum.

Abin da manga da anime suka ƙara a kai shi ne lokaci. Naruto ya fara a 1999 ya ƙare a 2014, babi 700. Yaron da ya fara karantawa yana aji uku na firamare ya gama jami'a kafin labarin ya ƙare. One Piece ya fara a 1997, ya wuce babi 1,000 a farkon 2021, kuma yana nan yana ci gaba. Mutum nawa ne a rayuwa ake haɗuwa da su kusan kowane mako har shekara ashirin da ɗoriya? Ga shi kuma manga na buɗe wa mai karatu cikin zuciyar jarumi: ana rubuta tunaninsa ɓaro-ɓaro, tsoronsa, abin da ya ji kunyar faɗa. Aminin mutum na ƙut da ƙut ma ba ya ba shi wannan dama. Shi ya sa masu bin One Piece suka yi kuka a kan jirgin ruwa na katako, Going Merry, ranar da aka ƙone shi a teku, kuma har yau ba sa jin kunyar faɗa.

Akwai kuma sirrin zanen kansa. Fuskar anime ba ta da cikakkun bayanai: hanci ɗigo ne, baki layi ne, idanu ne kawai suka cinye rabin fuska. Scott McCloud, wani mai zanen barkwanci Ba'amurke, ya yi bayani a 1993 cewa iya sauƙin fuskar da aka zana, iya yadda mai kallo ke cike giɓin da kansa. Manyan idanu da zagayayyar fuska kuwa siffofin jariri ne, waɗanda masanin dabbobi Konrad Lorenz ya nuna tun 1943 cewa suna tayar da son kulawa da kāriya a zuciyar babba.

Japanawa na da suna ga wannan ji: moe. Kalmar ta bazu tsakanin masoya anime a farkon shekarun 1990, asalinta daga aikatau mai nufin tsirowa kamar yadda ganye ke toho, kuma furucinta ɗaya da wata kalma mai nufin ci da wuta. Tausayi ne da shauƙi da son kārewa a haɗe. Ita kuwa waifu, da ta cika intanet yanzu, lanƙwasa kalmar Turanci ce mai nufin matar aure, kuma ta samu karɓuwa ne daga wani ɗan barkwanci a anime ɗin Azumanga Daioh na 2002. Yawancin masu furta ta wasa suke yi. Wasu ƙalilan ba wasa suke ba.

Ana haɗa jarumi kamar yadda ake haɗa manhaja

A 2001 wani masanin falsafa ɗan Japan, Hiroki Azuma, ya kawo wata hujja da duk mai rubuta manhaja zai gane ta nan take. Ya ce sababbin masoya anime sun daina neman babban labari, sun koma cin abinci daga rumbun bayanai. A cikin rumbun akwai ɓangarori: kunnen kyanwa, tabarau, silin gashi guda da ke tsaye a ka, kayan 'yar aiki, halin nan na mai faɗa a baki amma zuciya na so. Mai zane zai ɗebo huɗu ko biyar ya harhaɗa, jaruma ta fito. Misalin da ya bayar shi ne Dejiko, wadda aka ƙirƙira a 1998 a matsayin tambarin wani shagon sayar da kayan wasanni. Ba ta da labari ko kaɗan lokacin da mutane suka fara sonta. Daga baya aka ƙera mata.

Ba lallai ne a yarda da Azuma ɗari bisa ɗari ba. Babu wanda ya yi kukan Rikiishi saboda jerin ɓangarori, labarinsa ne ya sa. Amma game da yadda masana'antar ke aiki a yau, ya faɗi gaskiya. Idan ana iya gano ɓangarorin da ke kama zuciya, ana iya auna su, ana iya maimaita su, ana iya sa musu farashi. Wata cibiyar bincike ta bankin Yokohama, Hamagin, ta ƙiyasta kasuwar kayan moe a 2003 a kan yen biliyan 88.8, tun kafin wayar zamani ta shigo hannun kowa.

Kuma kuskure ne a ɗauka harkar maza ce marasa aure. Mata na cikin waɗanda suka fi kashe kuɗi da lokaci. Su kalmarsu oshi, wato wanda kake mara wa baya, hidimar da ake masa kuma oshikatsu, wadda ta shiga jerin fitattun kalmomin shekara a Japan a 2021. Ana cika jaka da bajojin jarumi guda har ba a ganin jakar, ana yanka masa kek ranar haihuwarsa, an kuma sha aika cakulan ofishin kamfanin Shueisha ranar masoya da sunan 'yan wasan tanis na labarin Prince of Tennis. A 2018, da fim ɗin Detective Conan mai jarumi Toru Amuro ya fito, masoyansa suka yi ta komawa sinima sau da yawa da niyyar mayar da shi "mutumin yen biliyan 10". Sun tsaya a biliyan 9 da 'yan kai a cikin Japan. Bayan shekara biyu masoyan Rengoku na Demon Slayer suka yi irin wannan kamfe, fim ɗin ya haura yen biliyan 40, ya ture Spirited Away daga matsayin fim ɗin da ya fi kawo kuɗi a tarihin ƙasar. A wurinsu sayen tikiti hanya ce ta nuna wa jarumin ƙauna. A wurin kamfani kuwa, tikiti tikiti ne.

Wasu na danganta duk wannan da raguwar aure a Japan, inda ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 28 cikin ɗari na maza da kashi 18 na mata sun kai shekara 50 ba su taɓa aure ba. Ɗora wa zane laifin wannan lalaci ne na tunani. Tsadar rayuwa, aikin da ba shi da tabbas da doguwar ranar aiki sun fi kusa da amsa. Mafi yawan masu oshi na da aikinsu da abokansu, da yawa ma da aurensu.

Lissafin gacha

Inda abin ya fara cizo shi ne a waya. Gacha, wadda ko a kunne ta yi kama da caca, ta samo suna daga injinan nan na Japan da ake jefa tsaba a murɗa, ƙwallon roba ya faɗo da ɗan abin wasa a ciki, ba ka san wanne ba. A wasannin waya an mayar da abin wasan jarumi. Wasan kyauta ne a sauke. Za a gabatar da jarumar a cikin labari, a ba ta murya da tarihi mai sosa rai, a bar mutum ya yi awanni tare da ita. Sannan a ce idan yana so ta zama tasa, sai ya ja ƙuri'a, kuma mako biyu ko uku kawai za ta yi a kasuwa.

Ga yadda lissafin yake. A wasan Fate/Grand Order, da ya fito a 2015, damar samun jarumi mai tauraro biyar kashi 1 ce cikin ɗari a kowane ja. Mutane da yawa na ɗauka idan suka ja sau 100 dole su samu. Ba haka ba ne. Kowane ja zaman kansa yake, bai san an yi na baya ba. Idan aka ninka 0.99 da kanta sau 100, ana samun kusan 0.37. Ma'ana, cikin mutum 100 da kowannensu ya ja sau 100, kusan 37 za su tashi hannu rabbana.

A daren shiga 2016 wani ɗan wasan Granblue Fantasy a Japan ya nuna wa duniya wannan kai tsaye a bidiyo. Yana neman wata jaruma mai suna Andira, ya ja sau 2,276 kafin ta fito, ya kashe kimanin yen 700,000, sama da dala 6,000 a lokacin. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa kamfanin Cygames ya ba da haƙuri, ya kuma sa iyaka: wanda ya ja sau 300 zai zaɓi jarumin da yake so. Tun kafin nan, a 2012, hukumar kare masu saye ta Japan ta haramta wani nau'in gacha da ke tilasta wa mutum tara cikakken jeri kafin ya samu babbar kyauta.

Genshin Impact, wanda kamfanin miHoYo na China ya fitar a 2020 da salon zanen anime, kuma ake bugawa sosai a wayoyin Android, ya zo da iyakarsa tun farko. Damar asali kashi 0.6 ce cikin ɗari, amma zuwa ja na 90 dole tauraro biyar ya fito. Sai dai rabi da rabi ne ya zama wanda ake tallatawa. Idan aka faɗi wannan, sai an sake zagaye. A mafi munin sa'a ja 180 ke nan, kuma wanda zai saye su duka da kuɗi, ko da babban ƙunshi mafi rahusa, zai haura dala 350. Kowa ya buga wannan da farashin dala na yau a kuɗin ƙasarsu. Ana iya tara ƙuri'un kyauta ta hanyar buga wasan kullum, kuma da yawa haka suke yi, amma wannan ma biya ne, da lokaci da data.

Babu wanda zai zuba irin wannan kuɗi don lambobi a allo. Don ita ake zubawa, ko don shi. An gina tsarin ne a kan ƙaunar, kuma so hana ganin laifi.

Kayan aro

Ga tambayar da ba a cika yi ba: bayan an biya, me aka saya? Jarumar ba ta cikin wayar. Abin da ke akwai layi ne guda a rumbun bayanan kamfani da ke cewa asusu mai lamba kaza yana da jaruma mai lamba kaza. Duk sanda aka buɗe wasan, waya na tambayar sabar, sabar ta amsa. Ranar da sabar ta daina amsawa, zance ya ƙare, kuma sharuɗɗan da kowa ke danna "na yarda" ba tare da karantawa ba sun riga sun ba kamfani wannan dama.

Wasan Love Plus ya nuna bambancin ƙarara. Konami ya fitar da shi a 2009 a na'urar Nintendo DS: wasan soyayya ne da ke tafiya da agogon gaske, budurwar na sanin dare da rana, tana fushi idan an share ta. A shekarar ne wani matashi da aka sani da laƙabin Sal9000 ya yi bikin aure da ɗaya daga jaruman, Nene Anegasaki, aka watsa kai tsaye a intanet. A 2010 har garin shaƙatawa na Atami ya riƙa karɓar samari masu zuwa hutu da na'urorinsu a hannu. Wanda ke da wancan ɗan kaset na 2009, yau ma idan ya zura shi a DS zai tarar da Nene na jiransa, domin komai na cikin kaset ɗin. Amma sabon Love Plus na waya da aka fitar a ƙarshen Oktoban 2019, wanda ya dogara da sabar, an rufe shi a Agustan 2020. Bai cika shekara ba.

Wanda ya yi kukan Rikiishi a 1970 yana iya buɗe tsohon littafinsa a yau ya same shi da rai a shafukan farko. Takarda ba ta da maɓallin kashewa. Kondo kuwa na'urar tasa ce, ya biya kuɗinta, tana nan a ɗakinsa, amma muryar da ke gaishe shi aro ce, lasisi ne mai wa'adi tsakanin kamfanoni biyu. Kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu jarumin na mayar da magana

Miku ta cikin Gatebox ba ta da wayo sosai. 'Yan jimloli ne aka tsara mata: ta tashe shi da safe, ta yi masa a dawo lafiya, ta amsa wasu tambayoyi. Abin da ke cikin wayoyi yanzu ya wuce nan nesa. Manhajar Character.AI, da wasu tsofaffin injiniyoyin Google biyu suka buɗe wa jama'a a 2022, tana ba mutum damar hira da jarumin da yake so, kuma jaruman anime irin su Gojo na cikin waɗanda aka fi yi wa magana. A Yulin 2025 kamfanin xAI na Elon Musk ya saka wa manhajar Grok wata budurwar anime mai suna Ani, mai murya da motsi, da ma'aunin ƙauna da ke hawa ko sauka gwargwadon yadda aka yi mata magana.

Wannan ya canja alaƙar da Horton da Wohl suka bayyana. Da, ɓangare ɗaya ne ke magana, kuma mai kallo ya san haka. Yanzu ɗaya ɓangaren na amsawa da ƙarfe biyun dare, ba ya gajiya, ba ya gundura, yana kiran mutum da sunansa. Abin da ke bayan fage ƙirƙirarriyar basira ce da ke hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya, an ɗora mata umarnin ta yi magana kamar wane. Ba Gojo na Gege Akutami ba ne, kwaikwayo ne da wani baƙo ya rubuta wa 'yan layukan bayani. Kuma duk abin da aka faɗa masa, har sirrin da ba a iya faɗa wa aboki ba, yana sauka ne a sabar kamfani.

Sannan halin nasa ma ba tabbas. A Fabrairun 2023, bayan hukumar kare bayanai ta Italiya ta taka wa manhajar Replika burki, kamfanin ya canja yadda abokan hirar ke amsawa. Masu amfani da ita suka wayi gari suka ga wanda suka shafe shekaru suna hira da shi ya zama kamar baƙo. Sabuntawa guda ce aka tura. Raɗaɗin ya kai har masu kula da zaurukan masoyanta suka riƙa manna lambobin neman agajin gaggawa. A Oktoban 2024 wata uwa a jihar Florida ta kai Character.AI kotu bayan mutuwar ɗanta mai shekara 14, wanda ya shaƙu da wani jarumin hira a manhajar. Zuwa ƙarshen Nuwamban 2025 kamfanin ya hana 'yan ƙasa da shekara 18 yin hirar da ba ta da iyaka.

Ga wanda ya tsinci kansa cikin irin wannan ƙauna, ko ƙaninsa ya tsinta, tambayoyin da suka fi amfani ba su da alaƙa da ko abin kunya ne. Shin jarumin zai buɗe idan aka kashe data? Nawa aka kashe masa a watan da ya wuce, in an tara ƙananan biyan nan duka? Kuma bayan hira da shi, mutum ya fi jin ƙarfin fita ya haɗu da jama'a, ko ya fi jin son rufe ƙofa?

Amsar Kondo ga ta ƙarshen na iya ba mutane mamaki. Ya sha faɗa wa 'yan jarida cewa a wajajen 2008, bayan tsangwamar da ya sha a wurin aiki ta kwantar da shi, ya daina zuwa aiki, ya kasa barci da cin abinci, waƙoƙin Miku ne suka ɗago shi har ya koma bakin aikinsa. Ya ce ya san sarai ba mutum ba ce, amma abin da yake ji game da ita gaskiya ne. Bayan an kashe sabar bai rabu da ita ba. Yana zaune da 'yar tsana mai girman mutum da ya sa aka ƙera masa da siffarta, yana cin abinci kusa da ita, yana ɗora hotunansu a intanet. A 2023 ya haɗu da wasu suka kafa ƙungiyar masu irin halinsa. 'Yar tsanar ba ta magana, amma ba ta buƙatar netwok.